Madubin Likita A Gidan Manomi: Yadda Ake Shirya Masa Mazauni A Simsim

Sunan Simsim kaɗai ya isa ya gaya wa baƙo abin da ake yi a wurin, domin kuwa da Larabci ma'anarsa riɗi. Tun shekarar 1968, lokacin da gwamnatin Sudan ta kafa hukumar noman injina, ta kuma karɓo rance daga Bankin Duniya aka sare dajin da ke kudu da birnin Gadarif aka yanka shi gona-gona, kowace ɗaya fadan dubu ko fiye, wannan yanki ya shiga sahun rumbunan dawa da riɗi na ƙasar. Hausawan da kakanninsu suka baro Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram a kan hanyar aikin hajji, suka yada zango a bakin kogin Rahad da na Atbara, suna cikin waɗanda guminsu ya ɗaga wannan noma. A nan ido ya saba da manyan abubuwa: gonar da ba a hango ƙarshenta, tarakta, da buhuna jibge kamar tsauni a lokacin kaka.

Sai dai kuma abubuwan da ke cinye wahalar manomi, wani lokaci har da lafiyar 'ya'yansa, akasarinsu ƙanana ne ƙwarai. Irin ƙuduji, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke kira buda, bai kai rabin milimita ba. Ƙurar burtuntuna, wato suwaid, ba a ganin ƙwayarta ɗaya da ido ko kaɗan. Haka nan halittun da ke iyo cikin ruwan hafir, da ɗan ƙudan nan da ke kawo ciwon kala-azar. Duk waɗannan ana iya ganinsu ƙuru-ƙuru da na'urar da muka fi sani da madubin likita, Larabawa kuma su ce mijhar. Mun saba ɗaukarta kayan asibiti, to amma a ƙasashe da yawa akwai mutanen da ke ajiye ta a gida don sha'awa kawai, kamar yadda wani ke kiwon tantabaru. Malamin makaranta, ko ɗalibin sakandare, ko manomi mai son sanin abin da ke cikin irinsa, babu abin da zai hana shi yin haka a Simsim. Abin da zai ba shi wahala shi ne riƙon na'urar bayan ya same ta, domin ƙasarmu ba ta raga wa gilashi, rani da damina.

Ɗan kasuwa ne ya buɗe ƙofar

Wanda ya fara ganin ƙwayoyin halitta da idonsa bai taɓa shiga jami'a ba. Sunansa Antonie van Leeuwenhoek, mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, an haife shi a 1632 ya rasu a 1723. Da hannunsa yake ƙera 'yan ƙwayoyin gilashi ya ɗaura su tsakanin fallayen ƙarfe biyu, mafi kyawun waɗanda suka rage har yau tana girmama abu sau 270 ko kusa da haka. A 1674 ya ɗebo ruwan wani tafki ya ga halittu suna kai da kawo a ciki, a 1676 kuma ya ga ƙwayoyin bakteriya cikin ruwan da ya jiƙa masoro. Wasiƙun da ya riƙa aika wa masana a Landan, tun suna shakka har suka sakankance.

Sudan ma tana da nata rabon a wannan tarihi. A 1903 aka buɗe ɗakunan binciken cututtuka na Wellcome a Kwalejin Gordon da ke Hartum, ƙarƙashin Dokta Andrew Balfour, a 1907 kuma har jirgin ruwa aka mayar ɗakin bincike yana bin kogin Nilu. A 1903 ɗin ne likitoci biyu, Leishman da Donovan, kowa a nasa wurin, suka bayyana ƙwayar da ke kawo kala-azar, shekara guda bayan haka Dokta Sheffield Neave ya ga irinta a jikin wani yaro a Sudan. Na'urorin da waɗannan mutane suka yi aiki da su ba su da lantarki. Madubi ne a ƙasa yake tsinto hasken rana ya tura shi sama. Wannan abin lura ne ga duk wanda ke zaton sai da wutar gwamnati ake wannan sha'ani.

Wace iri za a nema?

A ganina, kada kowa ya fara da babbar na'ura. Ɗan tabarau na hannu mai girmama abu sau 10, irin wanda masu awon zinariya ke maƙalawa a ido, shi ne abokin tafiyar manomi na farko. Yana shiga aljihu, ba ya jin ƙura, kuma da shi za ka bambanta ƙwaron ka'ok da ke tsotse riɗi a cikin hilla da sauran ƙwarin da ba ruwansu da kai. Wanda ya yi wata biyu yana leƙen ganye da iri da wannan bai gaji ba, to, sha'awarsa ta gaskiya ce, sai ya yi gaba.

Manyan na'urori iri biyu ne. Akwai wadda ake haska abu ta sama, tana girmamawa sau 20 zuwa 40, ita ce ta dace da iri da ƙwari da tsakuwa, ba a bukatar yanka komai. Akwai kuma irin ta asibiti, wadda haske ke ratsa abin da ake dubawa daga ƙasa, saboda haka dole ya zama siriri ainun ko kuwa cikin ɗigon ruwa. Ita wannan tana da idon sama, wanda ake kara ido a kai, yawanci an rubuta masa 10, da idanun ƙasa uku ko huɗu da ake juyawa, masu lamba 4 da 10 da 40 da 100. Ka ninka lambar sama da ta ƙasa, shi ne yawan girmamawar: sau 40, sau 100, sau 400, sau 1,000. A nan iyakar ta tsaya. Hasken da idon ɗan Adam ke gani ba ya iya raba abubuwa biyu da tsakaninsu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na maikiron ba (maikiron shi ne milimita an raba ta dubu), don haka duk ɗan kasuwar da ya nuna maka kwali an rubuta sau 2,000 ko 2,500, hazo kawai zai girmama maka.

Akwai kuma wata ta takarda mai suna Foldscope, wadda Manu Prakash da Jim Cybulski na Jami'ar Stanford a Amurka suka fito da ita a 2014. Ana naɗe ta da hannu, tana girmamawa sau 140, kayan haɗinta ba su kai dala guda ba. Ga yara 'yan makaranta ta yi, sai dai ba ta maye gurbin ta ƙarfe.

Galibi ta hannu mutum zai samu, ba sabuwa ba. Kafin ka biya, zare idon sama ka juya shi ka ɗaga wajen haske. In ka ga wasu zare-zare kamar saƙar gizo a cikin gilashin, fumfuna ce, kuma in ta daɗe takan ci fuskar gilashin yadda ba ya gyaruwa. Ka daidaita gani a kan wani abu, ka saki hannu ka ƙirga zuwa sittin. In hoton ya dushe da kansa, maɗaurin ya saki. Ka duba jikin idanun ƙasa, in an rubuta 160/0.17 to na gama-gari ne, za ka iya samun madadinsu wata rana. Sannan ga wata magana da ba za a ƙi faɗa ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, an wawashe asibitoci da jami'o'i da dama a Hartum da Jazira. Na'urar da ke ɗauke da lambar kaya ta wata ma'aikata, ko aka kankare wurin lambar, komai arharta ka bar wa mai ita. Wataƙila wani ɗakin gwaji ne aka rufe saboda rashinta.

Tebur da haske

Wurin aikin ba ya bukatar ɗaki guda. Kusurwa mai faɗin taki biyu ta isa, muddin dai ba ta kusa da murhu, ba kuma mashigar yara da awaki ba ce. Hayaƙin girki da na turare yana barin maiƙo a kan gilashi, ƙura kuma ta zo ta manne. Rakuba tana da daɗin zama, amma a buɗe take ga iska. In guttiya ce ko wani ɗakin jinka, sai a ɗaura farin ƙyalle ko leda a saman teburin, saboda kunkunniya da garin da gara ke zubowa. Ɗakin kwano kuwa, a watan Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke wuce digiri 40, da rana tsaka tanderu ne. Gam ɗin da ya haɗa ƙwayoyin gilashi ba ya son irin wannan zafi, saboda haka ma'ajiyar na'urar ta zama a ƙasa-ƙasa, nesa da rufi.

Tebur shi ne ginshiƙi. Idan ana kallon abu an girmama shi sau 400, motsin da hannu ba ya ji sai ya zama girgizar ƙasa a ido. A nemi mai nauyi wanda ba ya rawa, tsayinsa wajen santimita 70 zuwa 75, da kujerar da za ta sa ido ya sauka a kan na'urar ba tare da an tanƙwara wuya ba. Baƙar lakar nan tamu takan tsage da rani ta kumbura da damina, daɓen ɗaki yana motsi da ita, don haka teburin da ya zauna daram a watan Maris zai iya fara ɗingishi a watan Agusta. A sa bulo ko faffaɗan dutse ƙarƙashin kowace ƙafa, a riƙa gyarawa. Wasu sukan gina ɗan dakali na siminti a jikin bango, wannan ya fi kowane tebur, gara ma ba ta cinsa. A shimfiɗa leda mai kauri a kai wadda ake gogewa, rabi fara rabi baƙa in da hali, domin irin ƙuduji a kan fari yake fitowa, garin dawa kuma a kan baƙi.

Batun taga yana da ɗan lissafi. Ta gabas da ta yamma rana tana shigowa kai tsaye, ba a son su. Ta arewa ta fi, domin mafi yawan shekara rana takan karkata kudu da mu, sai daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ne take ɗan haurawa arewa, a lokacin ma tana can sama. Aibin tagar arewa ɗaya ne, ta nan iskar rani ke zuwa da ƙurarta. Maganinsa a toshe ta da gilashi ko farar leda mai ratsa haske. Mai na'urar madubi ya juya madubin wajen farin girgije ko farin bango. Kada a kuskura a tsinto rana kanta da madubin, domin hasken da aka tara haka yana ƙona ido cikin ƙiftawa, kuma ba ya warkewa. A gaya wa yara wannan tun ranar farko.

Da dare kuwa zamani ya kawo sauƙi. Ƙaramar fitilar sola ko tocilar waya, a rufe fuskarta da farar takarda ko guntun farar jarka don hasken ya baje, a ajiye ta taki ɗaya gaban madubin, ta wadatar. Na'ura mai ƙwai a ciki kuma, in ana haɗa ta da janareta, ƙwan ba ya daɗewa saboda hawa da saukar wuta. Wadda ke aiki da batir ta fi dacewa da mu. Sabon shiga yakan cika haske yana zaton haka zai fi gani. Halittun ruwa garai-garai suke kamar gilashi, sai an rage buɗin da ke ƙarƙashin dandamalin sannan su bayyana.

Rani da ƙura, damina da fumfuna

Waɗannan biyun su ne ke kashe na'ura a ƙasar Gadarif, kuma abin da ke maganin ɗaya yakan taimaki ɗayan. Da rani ana rufe ta da leda don ƙura. Da zarar ruwa ya sauka a watan Yuni, wannan ledar ita ce za ta riƙe laima a ciki, fumfuna ta samu gida. Daga Yuli zuwa Satumba, musamman a kudancin jiha inda ruwa ya fi yawa, makonni kaɗan sun isa ta fara saƙa a cikin idanun.

Dabarar ita ce a raba gilashi da ƙarfe. Idanun sama da na ƙasa, in an gama aiki, a kwance su a sa cikin kwalba ko mazubin roba mai murfin da iska ba ta shiga, tare da silika, wato 'yan ƙwayoyin nan da ake samu cikin ƙananan ƙunshi a kwalin takalmi ko na magani. Akwai mai launin shuɗi, wadda in ta ƙoshi da laima takan koma ruwan hoda. Sai a gasa ta a hankali a kan marfin tukunya har ta dawo shuɗiya, a bari ta huce a rufe, a mayar. Gangar jikin kuma a lulluɓe ta da ƙyallen auduga mai tsabta a sa cikin akwati. Ramukan da aka zare idanu a toshe su, in ba haka ba zanzaro ya gina ɗakinsa a ciki, ko kyankyaso ya yi ƙwai. Na'urar da ake amfani da ita kullum tana shan haske da iska ta fi tsira bisa wadda aka kulle wata uku ana tattali.

Wajen goge gilashi ne aka fi yin ɓarna. Ƙurar habub yashi ce, yashi kuwa ya fi gilashi tauri. Wanda ya sa gefen rigarsa ko rawaninsa ya murza, ya karce idon ke nan har abada. Da farko a hure ƙurar da 'yar robar hura iska, ba da baki ba, sannan a share da burushi mai laushi wanda ba a taɓa da yatsa. In akwai maiƙo, a naɗe auduga mai tsabta a tsinke, a ɗan jiƙa ta da sifirit, a zagaya sau ɗaya daga tsakiya zuwa gefe, a yar, a ɗauki wata. Kada a kwance cikin idon ƙasa da sunan wanki; ba ya komawa yadda yake.

Ƙananan kaya

Abin da dole a saya kaɗan ne. Fallayen gilashi da ake ɗora samfur, waɗanda ma'aikatan gwaji a nan ke kira shariha, tsawonsu milimita 75 faɗi 25, kwali ɗaya yana daɗewa tunda ana wankewa. Sai 'yan siraran murafunsu, masu kaurin 0.17 na milimita, lambar nan da muka gani a jikin idon ƙasa. Su ba su da madadi, kuma suna karyewa kamar ɓawon ƙwai, a sayi da dama a wajen masu kayan asibiti a Gadarif kafin hanya ta yanke da damina. Mai idon lamba 100 yana bukatar mai na musamman da ake ɗigawa tsakanin ido da gilashi. Ko da yake muna cikin ƙasar riɗi, man riɗi ba ya wannan aiki, yakan yi danƙo ya lalata idon. Gaskiya ma mai sha'awa zai iya shekara bai bukaci wannan ido ba.

Sauran duk suna cikin gida: matsefata, allura da aka soka a guntun kara, sabuwar reza, abin ɗiga maganin ido da aka wanke sosai, murafun kwalba, rariyar tankaɗe, da gwangwani mai murfi na zuba fasasshen gilashi don kada a taka. Totuwar karan dawa tana da amfani na ban mamaki: a tsaga ta, a sa ganye ko saiwa a tsakiya, a riƙa shaftarowa da reza tare da totuwar har a sami yankan da haske ke ratsawa. Aidin na ciwo, in aka ɗiga a kan garin dawa, ƙwayoyin sitaci sukan rine shuɗi mai duhu. Basilin kuma a shafa kaɗan a gefen murfin gilashi, in ba haka ba zafinmu zai busar da ɗigon ruwa kafin ka gama daidaita gani.

Wani abin alfahari shi ne ƙaro. Ƙaron dakwara, wanda ake kira hashab, da Sudan ta fi kowace ƙasa fitarwa, tun ƙarni na 19 masana a Turai ke narka shi su adana samfur da shi a kan gilashi, har yau kuma masu nazarin ƙananan ƙwari suna amfani da haɗin da aka gina a kansa. A zaɓi fari tas marar datti, kashi 2, a jiƙa a ruwan da aka tafasa ya huce kashi 2, bayan ya narke a tace da ƙyalle a zuba gilisirin na kantin magani kashi 1, a bari kumfa ta kwanta kwana biyu ko uku. Ɗigo ɗaya a kan fiffiken sauro ko ƙafar ƙwaro, a rufe, a ajiye a kwance har ya bushe. A riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, domin yana yin fumfuna in ya daɗe a kwalba.

Awo kuma da rula mai ratsa haske ake farawa. Ɗora ta a ƙarƙashin idon lamba 4, za ka ga faɗin da'irar ya kai milimita 4 da rabi a yawancin na'urori. Ke nan a lamba 10 ya kusa milimita 2, a lamba 40 kuma bai kai rabin milimita ba. Da wannan za ka iya ƙiyasta girman duk abin da ka gani.

Me za a duba?

Iri tukuna, kuma kafin shuka. Ɗebi cikin hannu biyu na irin dawa daga wurare dabam-dabam na buhu, ka tankaɗe a kan farar takarda, ka duba ƙurar da ta zubo a girmamawa sau 20 ko 40. Irin ƙuduji ruwan ƙasa ne, mai siffar ƙwai, jikinsa da zane-zane kamar an murɗa igiya, tsawonsa wajen kashi uku cikin goma na milimita. Tushe ɗaya yana zubar da dubban gommai, kuma suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran saiwar dawa. Injin sussuka da ke fita wannan gona ya shiga waccan yana iya ɗauko su. Wanda ya buɗe sabuwar ƙasa mai tsabta ya zuba mata irin da ke ɗauke da wannan ƙura, da kuɗinsa ya sayo wa kansa annoba.

Burtuntuna kuwa sai an wanko ta. Zuba irin cikin kwalba da ruwa kaɗan da ɗigon sabulu, ka girgiza sosai, ka tsiyaye ruwan a wani mazubi ka bar shi ya kwanta, sannan ka ɗauki ɗigo daga gindi ka duba a sau 400. Ƙwayoyinta zagayayyu ne masu launin ƙasa-ƙasa, kowace kamar girman ƙwayar jini. Irin burtuntunar da ke maye gurbin tsaba a zangarniya a jikin iri take tafiya, shi ya sa maganin da ake cuɗa iri da shi kafin shuka yake kashe ta. Akwai wasu ire-irenta da ke zuwa ta ƙasa ko ta iska, waɗanda wannan magani ba ya tare su. In ba ka ga komai ba a ɗigo ɗaya, kada ka ce irin ya tsira; ka sake ɗiba sau da yawa.

Ruwan hafir shi ne ya fi ɗaukar hankalin yara da manya. Ɗigo daga gefen da ciyawa take, a sau 100, kasuwa ce guda: masu gashi suna juyawa, masu bulala, koraye a jere kamar tsakiya. Akwai ɗan ƙwaron ruwa mai ido ɗaya, milimita 1 zuwa 2, mai tafiya da zabura, wanda shi ne ke ɗaukar tsutsar kurkunu a inda cutar take. A tace wannan ruwan da ƙyallen auduga ninki huɗu a sake dubawa, za a ga yawancin manyan sun tafi. A Bangaladash, Farfesa Rita Colwell da abokan aikinta sun nuna a 2003 cewa tace ruwa da tsohon zane ninki huɗu ya rage kamuwa da kwalara kusan rabi, saboda ƙwayar cutar tana manne wa irin waɗannan ƙwari. Amma rabi aka ce. Ita ƙwayar kwalara maikiron 2 ce ko kusa, tana wuce ƙyalle, kuma na'urar gida ba za ta bambanta ta da sauran bakteriya ba. Jihar Gadarif ta ga wannan cuta a 2023 ta sake gani a 2024. Ɗigon da ya fito fes a ƙarƙashin madubi ba shaidar tsabta ba ne, tafasawa ko kulorin suna nan a matsayinsu.

Ƙudan kala-azar, wanda Larabawa ke kira zubabatur ramli, ana kama shi da farar takarda da aka shafa wa man zurma, a kafe ta a tsinke daf da ƙasa da magariba a ɗauke da asuba. Tsawonsa milimita 2 zuwa 3, jikinsa duk gashi, fukafukansa a ɗage suke kamar an buɗe almakashi, ba ya kuka irin na sauro. Binciken Farfesa Dia-Eldin Elnaiem da wasunsa ya nuna yana son dajin dushe, wato talha, da aduwa a kan baƙar laka mai tsagewa, kuma ya fi yawa a ƙarshen rani, daga Maris zuwa Yuni, daidai lokacin da zafi ke korar mutane su kwana a waje. Ire-irensa suna da yawa, ba duka ke ɗauke da cuta ba, tantance su aikin ƙwararru ne. Amma duk wanda ya gwada girmansa da ramin gidan sauron da ya yage, zai tashi ya nemi allura da zare.

Jini ba na gida ba ne

A nan ne mai sha'awa zai ja birki. Da zarar unguwa ta ji akwai madubin likita a gidan wane, wata rana za a kawo yaro mai zazzaɓi a ce a duba. Amsar ita ce a'a, ko da ɗan cikinka ne. Ƙwayar kala-azar maikiron 2 zuwa 4 ce, a ɓoye cikin wasu ƙwayoyin jiki, ana nemanta ne a ruwan da ake zuƙowa daga kaluluwa ko ɓargo ko saifa, a rina ta da rinin Giemsa, kuma ko ƙwararre yakan duba ya rasa alhali tana nan. Na zazzaɓin cizon sauro ma sai wanda aka horar. Ga haɗarin taɓa jinin wani da allura. Kala-azar in ba a yi magani ba kusan kowa take kashewa, in an yi kuwa akasari ana warkewa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin allurai biyu na kwana 17 a gabashin Afirka maimakon na kwana 30 da aka saba. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu, ga rama ga kumburin ciki, a nufi asibiti. A Doka akwai cibiyar da ke ɗauke da sunan marigayi Farfesa Ahmed Mohamed El Hassan, wanda ya ƙarar da rayuwarsa kan wannan cuta. Kowace rana da aka ɓata ana leƙe a gida, daga kwanakin yaron aka cire ta.

Haka kuma bayan gida da fitsari da majina, kada su hau teburin. Kayan aikin kada su haɗu da kwanukan abinci, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ruwan hafir, rini da sifirit a kulle su inda yaro ba ya kaiwa.

Abu na ƙarshe da za a ajiye a kan teburin shi ne littafi mai bango da fensir. Kowane samfur a rubuta kwanan wata, da inda aka ɗebo shi, da yawan girmamawar, a kuma zana abin da aka gani, da boko ko ajami ko Larabci, duk wanda hannu ya fi sabawa. Waya ma tana ɗaukar hoto in aka kara kyamararta daidai kan idon sama aka riƙe numfashi, sai dai zane yana tilasta wa mutum ya duba da kyau. In ka ga abin da ya dame ka a iri ko a ganye, malaman gona da na ofishin kare amfanin gona a Gadarif za su fi saurarenka idan ka je da hoto da kwanan wata da samfurin kansa. A kai shi cikin ambulan na takarda, domin a leda yakan yi gumi ya ruɓe kafin mota ta isa gari.